Naira hamsin ce ta fara koya mata karatu

Da 'yata ta cika shekara biyar sai na ɗaura ɗamarar koya mata karatu a gida. Na sayo littafin baƙaƙe a Sabon Gari, na ware bayan la'asar, na zaunar da ita kan tabarma kamar 'yar aji. Sati biyu muka yi ana kuka. Da ta ga littafin sai ciwon ciki ya taso. Ni na ɓata abin da kaina, har da zare ido.

Ran nan na aike ta sayo Maggi, ta dawo da canjin hamsin tana jujjuya takardar. Ta ce, "Umma, wannan ba N ba ce, irin ta littafinki?" Na karɓa na duba, ashe Hausa ce ɓaro-ɓaro: Naira Hamsin. Tun 2007 aka sa Hausa da Yarbanci da Ibo a jikin ƙananan kuɗi, daga biyar zuwa hamsin, ni kuwa kashewa kawai nake yi, ban taɓa kula ba. Nan bakin murhu muka haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, miya na tafasa.

Ta ɗari biyu ajami ne a jikinta, sai muka kai wa Hajiya, kakarta, wadda ba ta yi boko ba. Ta karanta ko gargada babu. Yarinya ta buɗe baki: "Hajiya, ashe kin iya karatu?" Ta ce, "Ja'ira, tun ba a haifi ubanki ba."

Daga nan na jingine littafin. Gwangwanin madara, buhun shinkafa, allon shago, rubutun bayan adaidaita sahu, duk suka zama namu. In an ɗauke wuta da dare Hajiya ta yi "ga ta nan, ga ta nanku", ni kuma washegari in rubuta tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da manyan baƙaƙe a littafin rubutu, mu bi da yatsa. Labarin da kunne ya riga ya sani, ido ba ya wahala a kansa. Na kuma gane minti goma ya isa, a tashi tun tana so, kuma ko sau ashirin ta nemi labari ɗaya a maimaita mata.

Babansu da farko cewa ya yi to me ake biyan kuɗin makaranta? Yanzu shi ake tarewa tun daga zaure, in ya tsallake layi don gajiya ta kama shi.

Jiya a hanyar Kurmi ta ja mini hijabi, ta nuna bayan wata mota inda aka rubuta "Sai hakuri". Ta ce, "Umma, sun manta ƙugiyar ƙ."