Ranar kwashe shara a kesh ɗin filashi

Talata, da dare.

Tun safe jadawalin jinkiri ke nuna abu ɗaya: karatu daga kesh, wato ma'ajiyar wucin gadi mai sauri da ke riƙe bayanan da ake yawan nema, yana tafiya lafiya na wasu mintoci, sai ya cije, sai ya saki, sai ya sake cijewa. Kesh ɗin faifan SSD ne, wato faifan filashi, mai terabait 3.84, an girke shi a gaban faifai masu juyawa da ke riƙe da ainihin bayanan, kuma ya cika maƙil. Cika ba laifi ba ne ga kesh, aikinsa ke nan. Abin dubawa shi ne yadda yake sama wa sabon bayani wuri bayan ya cika, kuma a kan wannan yinin ya ƙare.

Bari in rubuta tushen maganar, don duk abin da ya biyo baya daga nan ya fito. Filashin NAND, wato ƙwaƙwalwar da ke cikin faifan SSD, ba ya yarda a rubuta a kan abin da aka riga aka rubuta. Ana rubutu shafi-shafi, yawanci kilobait 16 a faifan zamani, amma gogewa sai tubali guda, mai ɗaruruwan shafuka ko fiye. Idan aka canza wani bayani, kwantrolar faifan, wato 'yar na'urar da ke sarrafa shi daga ciki, tana rubuta sabon a wani shafi, ta yi wa tsohon alamar matacce. Gawar tana nan zaune har ranar da za a goge tubalin. Kafin a goge, dole a kwashe shafukan da ke raye a kai su wani wuri. Wannan kwasar rubutu ce da babu wanda ya nema, kuma tana cin ran faifan kamar kowane rubutu. Nau'in filashin da ake kira TLC yana jure gogewa kamar sau 1,000 zuwa 3,000 ne kawai a kowane tubali.

Lissafin ninkuwar rubutu ba shi da wuya. Idan rabin tubalin da za a goge na raye, kowane bait ɗaya da aka aiko yana zama biyu a kan filashi. Idan kashi 80 cikin 100 ne ke raye, ya zama biyar. Idan kashi 90 ne, goma. Ba a hankali yake hawa ba, tsalle yake yi, shi ya sa faifan da ya yi wata da watanni lafiya zai birkice cikin mako ɗaya da zarar sararinsa ya ƙare.

Abu na farko shi ne awo. Umarnin nvme smart-log yana ba da adadin abin da kwamfuta ta aika wa faifan, kuma kowane ɗaya a wannan ƙidayar bait 512,000 ne, ba 512 ba. Mutane da yawa suna tuntuɓe a nan. Abin da aka rubuta a kan filashin kansa kuwa yana cikin wani kundin daban, a faifan da ke bin ƙa'idar ƙungiyar Open Compute Project (OCP) shafi ne mai lamba C0. Na ɗauki lambobin biyu da ƙarfe tara, na sake ɗauka da ƙarfe goma sha biyu, na raba ƙarin abin da aka rubuta a filashi da ƙarin abin da kwamfuta ta aika. Jimillar tun ranar da aka saya ba ta da amfani, domin lokacin da faifan yake sabo yana ɓoye laifin yau. Amsar ta fito sama da huɗu. Ga kesh da ke rubutu a jere, abin da ya kamata a gani shi ne ɗaya da ɗan ɗoriya.

To me ya sa?

Shara iri biyu ake kwashewa a nan, kuma masu kwasar ba su san juna ba. A sama, manhajar kesh ta raba faifan yanki-yanki, megabait 16 kowanne, kamar yadda CacheLib, manhajar kesh ta Facebook, ke yi. Tana cika yanki daga farko zuwa ƙarshe, in wuri ya ƙare ta zaɓi wani tsohon yanki ta kore abin da ke ciki. A ƙasa kuma kwantrolar faifan tana nata aikin, ba ta da labarin cewa an kori kowa. A wurinta duk adireshin da aka taɓa rubutawa yana raye har sai an sake rubutu a kansa ko an aiko mata saƙon cewa ba a bukatarsa. Sunan wannan saƙon ya danganta da hanyar da faifai ke magana da kwamfuta: TRIM a SATA, UNMAP a SCSI, a NVMe kuma umarnin sakin wuri ne a ƙarƙashin Dataset Management. In bai iso ba, kwantrola za ta yi ta ɗaukar gawarwaki daga tubali zuwa tubali da dukkan ƙarfinta.

Na buga lsblk --discard, umarnin da ke nuna wace shimfiɗa ce ke karɓar wannan saƙon. Faifan kansa ya nuna yana karɓar saƙon. Shimfiɗar ɓoye bayanai da ke samansa, ta dm-crypt, ta nuna sifili a DISC-GRAN da DISC-MAX. Ashe duk saƙon da manhaja ke aikawa a nan yake maƙalewa. Ba kuskure ba ne daga dm-crypt, da gangan aka rufe shi, domin mai leƙen faifan zai iya gane inda babu komai da inda akwai bayani. Sai an buɗe da allow_discards. Ga wannan kesh ɗin na ga haɗarin bai kai asarar ba, amma hukunci ne da ya kamata mai kula da tsaro ya sa hannu a kai, kuma ya sa. Irin wannan toshewar tana faruwa a RAID 5 da 6 na md ma, wato tsarin Linux na haɗa faifai da yawa su zama ɗaya, can ma a rufe yake zuwa.

Wannan rabin matsalar ke nan. Ɗayan rabin yana cikin manhajar, kuma shi ya fi ɗaukar hankalina.

Mai kwashe sharar kesh ɗin an gina shi ne da tunanin ma'ajiya ta dindindin: in ya zaɓi yanki, sai ya kwafe duk abin da ke raye zuwa sabon yanki kafin ya saki tsohon. Ma'ajiya ta dindindin ba ta da zaɓi, dole ta yi haka. Kesh kuwa yana da gatan da ita ba ta da shi. Duk bayanin da ke da kwafi a faifan ƙasa, wato mai juyawa, ana iya zubar da shi kyauta, iyakar hasarar ita ce wata rana a sake karanto shi a hankali. Kwafe abin da ba a taɓa ba tun da aka shigo da shi ɓarnar filashi ce tsagwaronta. Na canza ƙa'idar: abin da aka karanta aƙalla sau biyu tun shigarsa yankin shi kaɗai za a mayar, sauran a zubar. Na kuma sa iyaka, kada abin da ake mayarwa ya wuce kashi 20 na yankin, ko da duk cikinsa masu zafi ne, wato waɗanda ake yawan taɓawa. In babu wannan iyakar, ranar da komai ya yi zafi mai shara zai yi ta kwafa ba tare da ya samar da wuri ba, an gudu daga gidan gara an faɗa gidan zago.

Bayanan bashi daban ne, wato waɗanda aka karɓa a kesh amma ba a kai su faifan ƙasa ba tukuna. Su ba a zubar da su, kwafinsu ɗaya ne a duniya. Yankin da ke ɗauke da su ba ya sakuwa sai an biya bashin, kuma faifai mai juyawa ba ya wuce rubutu warwatse ɗari biyu ko ƙasa da haka a daƙiƙa. Cijewar safiya daga nan take: mai shara ba ya farkawa sai yankuna biyu suka rage, ya zaɓi wanda ke da bashi, ya tsaya jiran faifan ƙasa, sabbin rubutu su yi layi a bayansa. Gyaran kashi uku ne. Ya farka tun sauran kashi 5 na yankuna, ya huta in sun kai kashi 8. Bashi kada ya wuce kashi 10 na kesh, adadin da bcache, manhajar kesh ta Linux, ma ke zuwa da shi. Sannan mai biyan bashi ya riƙa gaba da mai shara, yana jera rubutun bisa adireshi don kan faifan ya rage kai da komowa.

Wajen zaɓen yankin da za a kora, na koma ga tsohon lissafin da masu bincike Rosenblum da Ousterhout suka wallafa a 1991, da tsohuwar zuma ake magani. Maimakon a ɗauki yankin da ya fi yawan matattu kawai, a ninka wurin da za a samu da daɗewar bayanin, a raba da wahalar karantawa da kwafewa. Hikimar ita ce yanki mai zafi in aka ƙyale shi kaɗan zai ƙara mutuwa da kansa, mai sanyi kuwa ba zai canza ba, gara a share shi yanzu. A kesh sai a ƙara wa yanki mai bashi nauyi a ɓangaren wahala.

Jerin matakan sakin yanki ba abin wasa ba ne, na sake bin su layi-layi da yamma. A rufe yankin ga sabbin masu karatu. A cire shigarwarsa daga fihirisa, wato jerin da ke nuna inda kowane bayani yake. A jira masu karatun da suka riga suka shiga su fita, ƙidayarsu ta koma sifili. Sai a aika saƙon sakin wuri, guda ɗaya na megabait 16, ba dubban ƙanana ba, don wasu faifan suna sarƙewa da ƙananan. Daga nan yankin ya shiga jerin fanko. In aka aika saƙon kafin a cire fihirisa, mai karatu zai iya samun sifilai, ko tsohon bayani, ko ma na wani da aka rubuta daga baya. Shi ya sa kowane abu a kesh yake tafe da mabuɗinsa da lambar tantancewa, a duba su a kowane karatu.

Akwai abin da duk wannan ba zai gyara ba. Kwantrola ba tubali ɗaya take gogewa ba, tana haɗa tubala daga ɓangarorin filashi da yawa ta goge su tare, ɗaruruwan megabait ko fiye. Yankunanmu na 16 suna cakuɗuwa a ciki da ƙananan rubutun fihirisa masu saurin mutuwa. Maganin gaskiya shi ne faifan ZNS, wanda ƙa'idarsa ta fito a 2020, inda manhaja ke rubuta shiyya a jere ta goge ta gaba ɗaya, ko FDP na 2022, inda ake gaya wa faifan wane rubutu ne zai zauna da wane. Wannan faifan ba shi da ko ɗaya. Abin da ya rage shi ne a bar masa sarari. Sau da yawa filashi iri ɗaya ne ake sayarwa a matsayin 3.84 da kuma 3.2, bambancin rarar da aka ɓoye wa kwantrola ce, kuma na biyun ana ba shi izinin rubutu kusan ninki uku na girmansa a rana. Ana iya yin haka da hannu: a biya bashi duka, a cire kesh, a share faifan gaba ɗaya da blkdiscard, a yanka ɓangare na terabait 3.2, sauran kada a taɓa shi. In aka tsallake blkdiscard an yi aikin banza, kwantrola za ta ci gaba da ɗaukar wurin a matsayin mai rai.

Hakan na yi wa faifan gwaji da ƙarfe shida. Lambobin daren nan ba abin yarda ba ne, faifan da aka share yanzu komai zai nuna mai kyau. Sai an rubuta masa ninki biyu na girmansa kafin halinsa na gaskiya ya fito, kuma a saurin da yake karɓa yanzu hakan zai kai Alhamis. Gobe zan duba nawa yawan dacewar karatu, wato samun abin da ake nema a cikin kesh, ya ragu saboda terabait 0.64 da aka yanke, da kuma ko ƙa'idar karatu sau biyu ta yi tsauri ga fayilolin da ake nema sau ɗaya a yini.