Salatef ɗin kuran da na naɗa wa lensina, da abin da zafin Maradi ya yi mishi

In kana da lensi mai jan zobe ko mai ruwan zinariya kuma ranka ya raya maka ka rufe shi, to rufe abinka, kayanka ne, amma don girman Allah kar ka kusanto da baƙin salatef ɗin nan na masu gyaran kuran, wato wutar lantarki. Ba lalle yau ba, ba lalle gobe ba, amma muddin a garin nan kake aiki sai ya narke maka a jikin kaya.

Nawa lensin Canon ne, 24-105 f/4 L ɗin nan na farko da ya fito a 2005, na hannu na saye shi kuma da shi nike cin abinci, biki, suna, walima, hawan salla, duk shi ne. Jan zoben da ke bakinshi ba ya aikin komi a hoto, ado ne da alamar cewa lensin na layin L ne, wato manyan lensunan Canon, Nikon su ruwan zinariya suke sa wa manyan nasu, Sony kuma ƴar alamar G mai ruwan lemu. To yanzu har yaran da ba su taɓa riƙe kamara ba sun san jan zobe kuɗi ne, ka shiga babbar kasuwa kana son ɗaukar mutane suna harkarsu sai ka ga ido ya dawo kanka, ga dawowa daga biki da dare bisa kabu-kabu da kamara a wuya. Wannan shi ne dalili na farko. Na biyu kuma wanda shi ne ma na gaskiya, farin rubutun nan da ke zagaye da gilashin gaba, in ka ɗaura filta mai duhu kana bidiyo cikin rana, ko kana ɗaukar sarƙar gwal ta bayan gilashin shago, rubutun yakan yi inuwa ya fito cikin hoton a juye. Wannan na rufe shi da ƴan guntayen baƙar takarda marar ƙyalli, bai taɓa ba ni matsala ba, ba sai na tsaya kanshi ba.

Jan zoben ne ya jawo mini. Shi siriri ne ƙwarai, salatef ɗin kuran kuwa faɗinshi milimita 19, sai na tsaga shi biyu da reza, duk da haka ya fi zoben faɗi nesa ba kusa ba, na ja shi sosai don ya kwanta sumul na zagaya. Ya yi kyau wallahi, in ba ka matso ba sai ka ce haka anka ƙera shi. Lokacin sanyi ne, kuma duk tsawon hunturu bai motsa ba, sai ƴar ƙura da ke maƙalewa a gefe ina sa yatsa ina sharewa.

Shi wanga salatef roba ne mai talewa, in ka ja shi ka manna ba ya zama yadda ka bar shi, sannu sannu yake komawa yana tsukewa, ya bar layin danƙo a inda gefenshi yake da. Da sanyi danƙon na daskare ba ka ganin komi. Da bazara ta shigo, watan huɗu watan biyar lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ga baƙar jaka a ɗaure bayan moto rana na dukanta, sai danƙon ya saki ya fara tsatsowa ta gefe. Kuma duk mai wanga lensi ya san in ka yi zum bakin fitowa yake waje, in ka maido shi ya koma ya zauna daf da jikin lensin. To nan ne fa. Duk shiga da fita sai ya ɗan shafi danƙo ya kai shi jikin bututun ciki, ƙurar Maradi kuma ba a gayyatarta, ta bi ta manne, a hankali abin ya zama wani baƙin dunƙule kamar tunkuza yana shigewa inda yatsa ba ya kaiwa.

A wurin wani biki a unguwar Zariya na fara jin zum ɗin ya yi nauyi, ina bidiyon shigowar amarya ina son in matso da ita a hankali sai ya cije, na ƙara ƙarfi ya zabura gaba ɗaya, hoton ya yi tsalle, kuma shigowar amarya ba a maimaita maka ita. Har da ɗan ƙara yake yi, ƙurus ƙurus, in ka kanga kunne. Da na koma gida na ɓare salatef ɗin, shi ya fito salin alin, danƙon kuwa ya zauna daram bisa zoben da kewayenshi.

Nan masu shawara sunka taso. Wani ya ce esansi, wani ya ce kananzir, wani abokin aiki kuma ya ce ai ruwan da mata ke cire jan farce da shi nan take yake ɗauke gam. Nan take ɗin kuwa ya ɗauke, ya haɗa da abin da ba a aike shi ba, don asiton ne a ciki kuma asiton cin roba yake. Inda audugar ta bi jikin lensin ya dushe ya yi fari fari, wasu haruffa sunka goge, jan zoben da nike ta ɓoyo ya koma dabbare dabbare. Esansi da kananzir ma da na bi tasu da robar zum ce za ta kumbura ta saki. Abin da ya kamata tun farko shi ne alkol ɗin da masu gyaran salula ke wanke cikin waya da shi, ɗan kaɗan a tsinken goge kunne, kana yi kana canzawa, ba ka tsiyaya shi. Amma ko shi na waje kawai zai cire, wanda ya riga ya shige ciki sai an buɗe. Duk dai salatef na ƴan kuɗi kaɗan ne ya kai ni nan.

Ban samu wanda raina ya kwanta in ba shi ya buɗe mini zum a nan ba, sai na ɗauki hanya, Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, har Kano, wurin wani dattijo da ya daɗe yana gyaran kamara. Ya murɗa zum ɗin sau ɗaya ya dube ni ya ce, "Ɗana, salatef ka sa ko?" Na ce, "Baba, ado kawai na rufe." Ya ce to adon ga shi nan ciki. Da ya buɗe ya nuna mini ɗan abin nan mai laushi da ke zagaye da bututun don tare ƙura, ya jiƙe da danƙo ya taurare, maimakon ya share ƙura sai ya koma yana gurza ta a jikin bututun. Allah ya taimake ni bai kai ga gilashi ba. Kuɗin gyara da na mota da kwanan da na yi ban ɗauki aiki ba, in ka haɗa, aikin biki guda ya tafi a banza, a kan zoben da ko a hoto ba ya fitowa.

Abin da ya fi ba ni haushi ma, rufewar ba ta ɓoye komi ba. Lensin da filtarshi milimita 77 ce, ga hula a baki, wa zai gan shi ya ce na wasa ne don babu ja? Masu kallo sunka ci gaba da kallonsu. Waɗanda sunka lura da bambancin kuwa masu ba ni aiki ne. Wata Hajiya gwaggon amarya ta tare ni a zaure ta ce, "Kai ɗan nan, kamarar taka fashewa ta yi ka ɗaure ta?" Na ce a'a Hajiya lafiyarta lau, ta dai kalle ni ba ta yarda ba. A wajen mutanenmu abin da anka naɗe da salatef abu ne da ya lalace, kuma akwai angon da sai ya ga jan nan zai yarda kuɗin da ka caje shi sun dace. Turawa masu ɗaukar hoton titi su suna da dalilinsu, har kamfanin kamara na Leica ya fitar da kamararshi M Monochrom a 2012 ba tare da jan ɗigon tambarinshi ba, amma mai aikin biki a Maradi lissafinshi daban ne.

In dole sai ka rufe, akwai tef na ƙyalle marar ƙyalli da masu fim ke aiki da shi, gafa suke ce mishi, ba ya talewa kuma gam ɗinshi an yi shi ne don a ɓare ba tare da ya bar saura ba. Sai dai a kawo maka shi don ba a kowane shago ake samu ba, kuma kar a ba ka mai ƙyallin nan na ɗaure kwali a ce duk ɗaya ne, wancan ya fi na kuran ma danƙo. Ka yanka shi daidai faɗin zoben, kar ya taɓa inda wani abu ke motsi, ka fara manna shi a wandonka ka ɓare don gam ɗin ya rage ƙarfi, kuma ko shi ban yarda a bar shi ya kwana bazara guda a jiki ba, a riƙa canzawa. Ni yanzu in zan shiga kasuwa, tsohon tib ɗin moto na yanka siriri na wanke shi tas, in zura shi bisa zoben, in na fito in zare in sa aljihu. Babu gam ko ɗigo. Rana za ta busar da shi ya tsage, sai in yanko wani.

Masu cewa su ɓamɓare zoben gaba ɗaya su huta, ku bi a hankali. A nawa lensin jan zoben ƴar roba ce siririya, in ka sa mata tsinin wuƙa karyewa za ta yi, ga ƙarzanen da za ka bari a gefe. Zoben rubutu na gaba kuma ya fi haɗari. A tsofaffin lensuna na hannu murɗe shi ake da wani abu na roba ya kwance, amma a yawancin na zamani manne yake da gam, ƙarƙashinshi kuma sukurorin da ke riƙe da gilashin gaba ne, in ka taɓa su saiti ya goce sai ka ga gefe guda na hoto garau ɗayan gefen dishi dishi, kuma wannan ba gyaran gida ba ne. Shafa baƙar tawadar alƙalamin maka ma ba ta yi, cikin rana shuɗi shuɗi take ƙyalli kuma goge ta sai da abin da zai ci rubutun. Masu farin lensin 70-200 kuwa da nike gani suna naɗe shi da baƙi don kar a gane, farin fentin nan don zafin rana anka yi shi, ya rage ɗumamar lensin, a garin da ya fi ko'ina buƙatar haka kai kuma ka rufe shi, da salatef ɗin kuran kuma, tun daga wuya har gindi. Na ga wani da haka a filin kokowa har sai da na bi shi na faɗa mishi abin da ya same ni, ya ce nashi salatef ɗin mai kyau ne. To.

Zum ɗina ya dawo yana tafiya, sai dai wajen lamba 70 na zum ɗin akwai ɗan wurin da yake cijewa kaɗan, bututun ya riga ya gurzu. Kwanaki na so in saida shi in haɗa kuɗi in koma RF, sabon layin lensunan Canon, mai saye ya juya shi ya ga jan ya dabbare, haruffa sun goge, ya ce ai wannan ko jabu ne ko ya sha ruwa, ya taya kuɗin da ko ɗan lensin da ke zuwa tare da kamara ba za su saya ba. Na nuna mishi hotunan da ya ɗauka a cikin satin, garau, ya ce shi ba hoto zai saya ba.