Rigimar shagon gwal ta Meiktila

Sana'ata gwal ce, saye da sayarwa. Shi ya sa cikin duk labaran ƙasar Myanmar, wadda tsofaffinmu da suka je yaƙi suke kira Bama, na garin Meiktila ya fi tsaya mini a rai.

Ranar 20 ga Maris 2013, wata mata mai bin addinin Buddha ta shiga shagon wani Musulmi tare da mijinta, za ta sayar da abin maƙale gashi na gwal. Aka yi gardama kan kuɗi da kuma lahanin da ya samu kayan wajen gwaji. Magana ta yi zafi har ta kai ga duka.

Duk wanda ya taɓa zama bayan gilashi ya san irin wannan. Mace ta kwance sarƙa daga bakin zane, ka goga ta a dutse, ka ɗiga ruwan gwaji, ka ɗora a sikeli, ka faɗi kuɗi. Ta dube ka ta ce, "Malam, ka raina mini hankali ne? Nawa na saya?" Murya ta tashi. Maƙwabci ya leƙo ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, kasuwa a kai miki dole," a aiki yaro ya sayo ruwan sanyi, ko a daidaita ko ta ɗaure kayanta ta tafi. Iyakarta ke nan.

A Meiktila kuwa, kafin yamma an farfasa shagon da na kusa da shi. Daga nan wasu Musulmi suka tare wani malamin Buddha a kan babur, suka lakaɗa masa duka, suka cinna masa wuta, ya mutu a asibiti. Masu yaɗa labarin a wajenmu sukan tsallake wannan. Ni ba zan tsallake ba, kisan gilla ne, kuma shi ya ba masu jiran hujja hujja.

Kwana uku gari yana ci da wuta. Fiye da mutum 40 suka mutu, kimanin 12,000 suka rasa matsuguni, akasarinsu Musulmi. A makarantar Islamiyya ta Mingalar Zayone an kashe ɗalibai da malamansu da rana tsaka, 'yan sanda na tsaye da bindigogi suna kallo. Sai ranar 22 ga wata shugaba Thein Sein ya kafa dokar ta-ɓaci, sojoji suka shigo.

Waɗannan mutane ba 'yan Rohingya ba ne, wato Musulmin jihar Rakhine. Meiktila tana tsakiyar ƙasa, a yankin Mandalay, nesa da jihar Rakhine. Harshen Bama suke yi, nan aka haifi kakanninsu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a matsayina na ɗan kasuwa shi ne 'yar takardar da ake liƙawa. Tun kafin rikicin, ƙungiyar 969, ta masu kishin addinin Buddha, tana raba sitika mai wannan lamba, a manna a shago ko mota, don mai saye ya gane na ɗan'uwansa ne. Wirathu, malamin Buddha na Mandalay da aka ɗaure a 2003 aka sako a 2012, wa'azinsa na yawo a faifai: kada ku sayi kayan Musulmi, kuɗinku ne zai dawo ya ci ku. To, wanda ya daina shiga shagonka ya daina sanin sunan 'ya'yanka. Ran da za a zo da fetur, wa zai ce "ku dakata, na san shi"?

An dai sami wanda ya faɗa. Wani malamin Buddha, U Withuta, ya buɗe gidan ibadarsa ya ɓoye ɗaruruwan Musulmi, ya tsaya a ƙofa ya hana gungun shiga.

Af, don Allah a daina turo mini hoton nan na malaman Buddha masu jan mayafi a tsaye kan gawarwaki, wai gawarwakin Musulmin Bama ne. Na girgizar ƙasar Yushu ne, a ƙasar Sin, a 2010, kuma malaman taimakawa suke yi wajen jana'iza.

Kotu ba ta yi jinkiri da mai shagon ba. Cikin watan Afrilu aka yanke masa shekara 14, shi da matarsa da yaron shagonsa. Waɗanda aka kama da hannu a kisan makarantar, sai Yuli aka yanke wa wasunsu hukunci.