Sarƙar kekena da iskar teku

Shekara biyu ina canza sarƙar keke duk bayan damina, ina ɗora wa masu sayarwa laifi. Ashe iskar Accra ce. Kullum daga Nima nake gangarawa Jamestown wajen aiki, keken ya wuni a bakin teku yana shan gishiri, ruwan Yuni kuma ya ƙarasa shi. Wata safiya na tarar da sarƙar ta yi ja wur, gaɓoɓi uku sun ƙage, ina takawa tana tsalle a kan haƙora.

Mai gyarana ya ce, "Ɗan'uwa, ƙara kuɗi ka ɗauki mai rufin tutiya, irin na kwanon rufi." Kuɗinta ya kusa ninka na gama-gari, sai da na yi jim kafin na biya.

Wallahi ban yi nadama ba. Ta ci damina guda, ko ɗigon tsatsa babu. Amma ya gargaɗe ni cewa rufin ba ya hana yashi cin ƙusoshin ciki, don haka duk Juma'a ina goge ta da tsumma in ɗiga mai kaɗan. Ƙanena da ke ajiye nasa a ɗaki a Madina, wata unguwar Accra da ke nesa da teku, na ce ya riƙe kuɗinsa.