Kukan inbata a Hiace ɗina ya ƙare

'Yan'uwa masu maida mota ɗakin kwana, yau firji ya wuni yana aiki a cikin Hiace ɗin nan, a zafin ranar garin Tawa, inbata (na'urar da ke maida wutar batir irin ta gida) bai yi ko tari ba. Wallahi daɗin da nake ji ba ya faɗuwa, don wannan kuka ya daɗe yana hana ni barci.

Kayana ba su sauya ba: batir biyu masu 100Ah a haɗe, inbata mai wat 1000, faranti biyu na sola a kan rufi. Da yamma mita tana nuna volt 12.7, batir cike taf. Amma da zarar injin firji ya yunƙura zai tashi, sai inbata ya tsala ƙara ya ɗauke wuta. Duk wanda na yi wa bayani a gareji, amsa ɗaya ce: batir ya mutu, zafi ya cinye shi. Gaskiya ne zafinmu na Afrilu da Mayu yana rage wa batir kwana, amma nawa sababbi ne, kuma cajin waya da fanka ba su taɓa gagararsu ba.

Abin da ya wahalar da ni shi ne yunƙurin firji ba ya kai daƙiƙa guda, kafin mita ta nuna komai wuta ta riga ta tafi. Sai na aro dutsen guga mai wat 800 a cikin gida, don in samu nauyi mai tsayawa. A kan volt 12, in an haɗa da abin da inbata kansa ke ci, wannan kusan amfiya 80 ke nan. Na jona. A bakin batir 12.2, a bakin inbata 10.3. Inbata kuwa yana fara kuka wajen 10.5, in wuta ta ƙara sauka sai ya yanke. Ashe kusan volt biyu suna salwanta a hanya, tsakanin bayan mota da ƙarƙashin kujerar direba!

Daga nan na bi kowace waya ita kaɗai, tsinken mita ɗaya a wannan kai, ɗaya a wancan, guga na ci. Jar waya ta haɗiye 0.7. Baƙar kuwa, wadda ke bi ta jikin mota, 1.2. Da na kwance noti, fenti da tsatsa na tarar a ƙarƙashinsa, wurin har da zafi a yatsa.

Jar wayar ce ta fi ɓata mini rai. An sayar mini da ita a matsayin tagulla, kauri a ido ba laifi. Na kankare sili ɗaya da wuƙa, ciki fari fat. Alminiyom ne aka shafa masa ruwan tagulla, kuma alminiyom kusan kashi 60 cikin 100 kawai yake ɗauka na abin da tagulla ke ɗauka. Ku kanga wa silin ashana ku gani: tagulla tana tsayawa, wannan kuwa nan take yake lanƙwashewa. Ni dai a ganina sayar da irin wannan ga mai kwana cikin mota da iyalinsa zalunci ne, domin wayar da ke zafi a bayan katako gobara take jira.

Na yi aike Yamai, aka samo mini wayar masu walda mai kaurin murabba'in milimita 35 a wajen kasuwar Katako. Jika ashirin da huɗu har da kawunanta da kuɗin mota. Ta ciji aljihu, Allah ya sani. Na ciro inbata na dawo da shi kusa da batir, tsakaninsu bai kai mita ɗaya ba, na bar masa sarari ya sha iska. Baƙar waya yanzu kai tsaye take zuwa batir, ba ta jikin mota ba. Ja daga batir na farko, baƙa daga na biyu, don su riƙa cin nauyi daidai. Fiyus mai amfiya 150 yana dab da kan batir.

Da guga a jone, asarar yanzu 0.2 ce kacal. Akwatin katako da na yi niyyar farawa ya tsaya, don cajin batir daga injin mota ya shigo gaba, ina son gama shi kafin tafiyar Abalak. Wanda ya taɓa haɗa rile (makunnin da ke jona batirin mota da na ɗaki idan inji na aiki) a Hiace, ta ina ya ratsa da wayarsa ba ta gogi ƙarfe ba?