Abin da Tafiyar Koyarwa Zuwa Senegal Ta Koya Mini

Malaman jami'o'in ƙasashen da ke aiki da Faransanci sun saba da ziyarar koyarwa, inda malami ke barin jami'arsa na ɗan lokaci ya je wata ƙasa ya ba da darasin da ba su da mai bayarwa. Irin wannan gayyata ce ta zo mini daga wata jami'a a Senegal a daminar 2023, aka tsayar da ranar zuwana a farkon shekarar karatu, na karɓi takardar izinin tafiya, na kuma sayi tikitin jirgin da ke bi ta Lome.

Juyin mulkin 26 ga Yuli a ƙasarmu Nijar ya rushe wannan lissafi. Ranar 30 ga wata ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakoki, jiragen da ke zuwa daga Lome da Abijan suka daina sauka Yamai, kuma ko da aka sake buɗe sararin samaniyar ƙasar ranar 4 ga Satumba, jiragen yankin ba su dawo ba. Hanyar da ta rage ita ce a haura har Kasablanka sannan a gangaro Dakar, da kuɗin da suka zarce abin da masu gayyata suka ware. Su ma ba su iya turo ƙari ta banki ba, alhali sefa ɗaya muke kashewa, domin takunkumin ya shafi hada-hadar kuɗi.

A nan na gane cewa tafiyar malami tana rataye ne da kalandar ɗalibai fiye da ta jirgi. Tikiti ana canja masa rana idan an biya tara, takardar izini ana sake bugawa ko da za a yi ta zarya neman sa hannu, amma zangon karatu ba ya jiran baƙo. Shugaban sashen da ya gayyace ni ya faɗa mini a waya: "Malam, ni dai ka ba ni ranar da zan iya kafewa a allo, ko da nesa take." Tun daga lokacin na daina aika masa saƙon "in sha Allahu mako mai zuwa", wanda ke sanyaya rai amma yake hana mutum tsara aikinsa.

Muka raba darasin biyu. Bayanin ka'idoji na ba da shi daga Yamai, kuma da yake Najeriya ta yanke wutar da take ba mu tun watan Agusta, darasin kai tsaye ta intanet bai yiwu ba. Sai na riƙa naɗar murya da asuba, in tura ta WhatsApp tare da shafukan karatu, wakilin aji ya tattaro tambayoyi ya aiko. Abin da na ƙi yarda a yi daga nesa shi ne gyaran rubutun ɗalibai, domin sai ka zauna kusa da yaro, ka ga inda biro ɗinsa ya tsaya, kafin ka san abin da ya shige masa duhu.

An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, na isa cikin azumi, muka mayar da zaman aji na safe zalla. Yanzu duk gayyatar da ta zo, kafin in tambayi kuɗin masauki nakan nemi ranar jarrabawa, in kuma rubuta wa sashen wane ɓangare na darasin ne zai yiwu ba tare da na zo ba.