TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 6: Zakin Bayan Gingimari

Assalamu alaikum jama'a, mun sake haɗuwa. Satin da ya wuce na tsaya ne a inda kawuna ya samo min gurbi a wani shagon atamfa a Kantin Kwari, to daga nan zan ɗora.

Farkon 2013 na shigo Kano, daidai lokacin da aka hana acaɓa bayan harin da aka kai wa motocin marigayi Sarki Ado Bayero a watan Janairu. Adaidaita ta yi wuya, ni kuma ko da ta samu ba ni da kuɗin shiga, don haka daga Kurna inda nake kwana a soron kawu har Kwari a ƙafa nake dakawa safe da yamma, silifas ɗina har sai da ya huje ta dunduniya.

Amma fa tafiyar ƙafa tana buɗe ido. Wanda ke cikin mota wucewa kawai yake yi, ni kuwa a Titin Katsina motocin da ke fitowa daga Dawanau shaƙe da buhunan hatsi su ne suka zama talabijin ɗina. Kowace gingimari da adon bayanta, wata dawisu ya baje jela, wata masallaci mai koriyar ƙubba, wata mikiya da maciji a baki, a ƙasa an rubuta "Allah gatan kowa", wata ma "Komai nisan jifa" kawai aka rubuta aka bar ka ka ƙarasa da kanka. Akwai wata da na haddace, zaki ne a bayanta amma wallahi ya fi kama da magen da ta ƙoshi, idonsa ɗaya ya fi ɗaya girma, duk ranar da na gan shi sai na yi dariya ni kaɗai a titi kamar sabon kamu.

Sai randa. A ƙofar wani gida a Fagge akwai randuna biyu an binne gindinsu cikin yashi, da moɗa ɗaure da igiya. Wanda ya san ranar Kano a watan Afrilu ya san abin da nake nufi, ruwan nan sanyi har cikin kai. Na fi wata biyu ina sha ban taɓa ganin mai zubawa ba, sai wata asuba da na yi sammako na tarar da wata 'yar yarinya da hijabi har ƙasa tana juye bokiti da ƙyar. Na ce ƙanwata sannu da aiki, ta ce Umma ce ta sa ta, sadakar Babansu ce da ya rasu. Na karɓi bokitin na juye mata, ban iya cewa komai ba sai Allah ya jiƙansa.

Gaba kaɗan da gidan, ƙarƙashin wata darbejiya, wani dattijo ne ke rubuta allunan shaguna, na masu aski da kawuna jere kowa da irin askinsa, na masu gyaran waya, har da dagin Arewa da yake zanawa a ƙofofi ba tare da ya ɗora ma'auni ba. Kullum sai na ɗan tsaya. Ran nan ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Kai yaro, kallo kake ko koyo?" Na ce kallo ne Baba. Ya ce to kallo ba ya cika ciki, riƙe min gwangwanin nan. Na riƙe, ya gama harafinsa, ya jawo ledar ƙosai ya tura min rabi, ashe ya lura ban karya ba. Da zan tafi ya miƙo min buroshi ɗaya da gashinsa ya soma zubewa, ya ce in je in gwada da ruwa a bango, ruwa ba ya ɓata wa kowa gida.

Ranar na makara sosai, maigida ya wanke ni tas a gaban kwastomomi, ina tsaye kaina a ƙasa hannuna a aljihu ina shafa buroshin nan. Yadda na kifar da jan fenti a kan allon wani mai shayi kuwa, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.